Janaral da Ɗan Bola

Duk wanda ya taɓa zama unguwar Zariya a Maraɗi ya san Maiwada, in ma bai san sunansa ba ya san rigarsa. Farar riga ce irin ta likitoci, mai aljihu uku, ta sha wanki har wuyanta ya fara zarewa. Shekara ashirin da shida ya yi a ma'aikatar kiwo yana sharar biro, wato ofis, yana kai takardu, yana danne ƙafar dabba in za a yi mata allura. Ranar da ya ajiye aiki, wani likita da rigar ta yi wa kaɗan ya miƙa masa ita, shi kuwa ya karɓa hannu biyu kamar an ba shi difilom. Tun daga ranar ya soke sunan da ubansa ya yanka masa rago a kai. Ya ce kowa ya kira shi Doktor.

Mu 'yan fadar shayi ta ƙofar shagon Maliki tela muka bi shi a haka, don ba ya cutar kowa, kuma ban da rigar nan ba shi da abin da zai ɗaga ya ce ga ladan wahalarsa. Da ita yake zuwa suna, da ita yake zuwa jana'iza. Mutum biyu ne kawai suka ƙi. Akwai Maliki, taubashinsa, da ke ce masa Doktan Tsintsiya. Akwai kuma Dada, tsohuwar da gidanta ke jingine da nasa, wadda ta ce ita ta goya shi yana cikin tsumma, ba za ta tsufa ta koma kiransa da sunan Nasara ba.

Matarsa Tsahara, 'yar Jiratawa ce, ita ce shugabar ƙungiyar matan unguwa masu kiwon jar akuya. Su goma sha biyu ne, kowace da akuyarta, ja sumul irin ta Maraɗi ta asali. Damuwarsu ɗaya, ba su da bunsurun kirki. Awaki na yawo cikin unguwa, duk bunsurun da ya ga dama ya hau, 'ya'ya su fito wani baƙi wani roɗi-roɗi, iri yana ta lalacewa. Wata ranar Lahadi suna zaune a tsakar gida suna shawarar rubuta wa ma'aikata takarda a ara musu bunsuru, sai Maiwada ya ɗaga labule.

"Ku rubuta ma wa? Ga ma'aikata zaune cikin gidanku tana shan hura, ku tahi nemanta waje?"

"Malam, maganar mata ce," in ji Tsahara.

"Maganar ilimi ce. Ni zan kawo bunsuru. Wanda in ya yi atishawa duk bunsuran Zariya su shige ƙarƙashin gado. Ku ba ni wata bakwai, kowace ta ɗauki ɗiya jajaye kamar an tsoma su cikin manja."

Dada, wadda ta shigo aron rariya ta zauna, ta ce, "In ba su hito ja ba hwa, Maiwada?"

Ya buga ƙirji har alƙalamin da ba ya rubutu ya faɗo daga aljihu. "In ɗa guda ya hito da ɗigon hwari ko kamar ƙwayar gero, in tuɓe rigar ga gaban jama'a, in sa ma uban da ya haihe shi da hannuna!"

Tsahara ta ce ya janye. Ya maimaita sau uku, ya fito fada ya maimaita na huɗu. Washegari ya sayar da motonsa, babur ɗin da yake hawa, don kuɗin bunsuru.

A kasuwar Tibiri ya faɗa hannun wani dillali, Ɗanlami, wanda ya ga farar riga ya ɗauka masani ne, ya jawo masa wani jan bunsuru matsakaici mai gajerun ƙahoni. Ya durƙusa ya ɗaga masa ƙafar baya.

"Doktor, taɓa nan ka ji. Masu kiwo ƙasa suke dubawa. Wanga in ya shiga garke, ba ya barin ko guda."

Maiwada bai ko sunkuya ba. Idonsa na can kan wani ƙaton bunsuru da aka ɗaure da igiya biyu, ƙahoninsa sun murɗe sun koma baya, gemunsa na sharar ƙasa, wuyansa ya yi turmi.

"Wancan hwa?"

"Wancan na ado ne da hwaɗa. Ƙasanshi ba shi da nauyi."

"Kai, ni za ka koya ma dabba? Mace namijin da ya kada maza take bi. Wanda ya ci hwaɗa shi ke da ɗiya. Kwance mani shi."

Ɗanlami ya kwance. Aka ɗora bunsuru a kabu-kabu, Maiwada a baya yana rungume da shi. Kafin su iso Maraɗi ya yi masa fitsari sau biyu a riga, ya tauna hular mai moton, ya kuma sami suna: Janaral.

Da suka sauka a ƙofar fada, unguwa ta fito. Gaskiya bunsurun ya cika ido, har mu muka miƙe. Maliki ya ajiye almakashi ya zagaya shi, ya duba ƙaho, ya duba gemu, sannan ya tsuguna ta baya ya daɗe.

"Doktan Tsintsiya, ina sauran?"

"Sauran mi?"

"Kayan aikin. Ko kun baro su Tibiri? Ni dai goro biyu na gani, ƙanana, irin na sadaka."

Fada ta fashe da dariya. Kamar an aiko shi, a daidai lokacin Ɗan Bola ya zo wucewa. Ɗan Bola bunsurun Dada ne, in ana iya cewa yana da mai shi. Ƙanƙane ne, baƙi da fari, da farin goshi, kunne ɗaya a yage, ƙahoninsa ba su kai ɗan yatsa ba. Kwali yake ci da ɓawon mangwaro. Bai taɓa yin faɗa ba, ko zakara ya buɗe masa fiffike sai ya ba da hanya. Abu ɗaya Allah ya ba shi, ya kuma ba shi da yawa: marainansa har gwiwa suke kaiwa, in yana gudu sai ka ce ya sato mangwaro biyu a leda.

Maliki ya nuna shi da baki. "Ga mai kaya can."

"Wancan cuta ce," in ji Maiwada. "Mu a likitance mun san sunanta."

Amma maganar ta zauna masa. Kwana biyu bayan haka ya shigo shagon Maliki yana waige-waige, ya ce yana son a ɗinka wa Janaral jaka ta rufe wurin, saboda ƙuda da bakin mutane. Maliki bai yi musu ba, ya ɗinka da baƙar ledar da ake rufe kujerar moto, ya sa mata igiya ta ɗaure a ƙugu, har da ɗan jan tuntu a ƙasa. Abin da Maliki bai sani ba, Maiwada ya farke matashin kan Tsahara ya cusa audugar cikin jakar. Da Janaral ya fito da safe, sai ga kaya sun kumbura sun ninka na Ɗan Bola.

"Abinci ne," in ji Maiwada. "Ilimin abinci."

Tsakiyar bazara ake, zafin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Janaral ya shafe wata biyu da baƙar leda da auduga a tsakanin ƙafafu, yana tafiya a tale kamar wanda aka yi wa kaciya da girma.

Abincin kuwa ba a magana. Dusa, ƙuli-ƙuli, harawa, kanwa. Duk bayan kwana biyu Maiwada ya hau amalanken jaki zuwa Jiratawa, ya yi wa surukansa lacca a kan kiwo, ya dawo da ɗanyen karan masara da zogale. Tsahara ta nemi zogalen ta yi kwaɗo, ya ce na Janaral ne. Bunsuru ya yi ƙiba har wuyansa ya ɓace.

Sai horon faɗa. Kullum da la'asar ya fito da shi fili, ya sa shi karo da bunsuran unguwa. Janaral ya kada na mai gawayi, ya kada na limamin masallacin ƙasa, ya karya wa na mai faci ƙaho. Da bunsura suka ƙare ya koma kan abin da ya samu. Ya tunkuyi kurar mai ga-ruwa, jarkoki suka watse. Ya hango kansa a madubin mai aski ya shiga da gudu, mai aski da wanda ake wa aski suka fito ta taga. Ranar Juma'a Maiwada ya sunkuya ɗaukar takalminsa, Janaral ya ga fili ya aika shi cikin kwata, kai a ƙasa.

"Kun gani?" ya ce yana tofar da baƙin ruwa. "Jini ne. Irin wanga jinin za ya zuba ma awakinku."

Duk wannan hidima Ɗan Bola na kan bola yana tauna kwali yana kallo.

Da ruwan farko ya sauka, awaki suka fara neman barbara. Maiwada ya kawo wata dabara da ya taɓa gani a ma'aikata, kuma ita kaɗai ce ya kwaikwaya daidai. Ya kwaɓa shuni da man gyaɗa ya shafe ƙirjin Janaral, don duk akuyar da ya hau ta fita da shuɗin tambari a baya. Ya ce wannan ne shaida, kada gobe wata ta ce ba a yi mata aiki ba.

Akuyar Salima mai ƙosai ce ta farko. Aka shigo da ita, Janaral ya tashi da ƙyar, ya yi gurnani, ya zagaya ta sau uku don jama'a su ga ƙaho, ya hau sau ɗaya, ya sauka ya kwanta yana haki. Maiwada ya ɗaga hannu sama kamar an ci ƙwallo.

"An gama! Ki tahi da ita, ki fara neman sunan tagwaye."

Salima ta ja akuyarta da shuɗin baya, ta kai ƙofar gidanta ta sake ta, ta koma kan kaskonta. Ɗan Bola na tsaye a gindin bishiyar bedi. Bai yi gurnani ba, bai zagaya ba. Kafin ƙosai ya soyu ya hau sau uku, kafin azahar mun daina ƙirgawa.

Tsahara ta gani da idonta. Ta sami mijinta yana yi wa Janaral fifita.

"Malam, bunsurun Dada shina bin akuyar Salima. A ce ma mata su ɗaure awakinsu kwana biyu."

"Bar shi ya wahala. Wanda ya riga shi ke da wuri. An riga an sa tambari."

"Mu dai a Jiratawa, in mutum biyu sun zuba iri rami guda, ba a tambayar wa ya riga. Wa ya zuba da yawa ake tambaya, kuma na wa ke da rai."

"Akuya gona ce? Tsahara, ki bar ma likita aikinshi."

Ta bar masa. Ita dai tata akuyar ta ɗaure a bayan ɗaki, ta ce ko ba komai a tsira da guda.

Kamar sun haɗa baki, sauran awakin suka taso cikin mako ɗaya. Ranar Talata uku, ranar Laraba huɗu. Janaral ya yi ta farko da ƙarfinsa, ta biyu da nishi, ta uku ya dube ta ya kau da kai. Maiwada ya tattare farar riga ya shiga bayansa yana turawa, Maliki na kan katanga yana ba da umarni.

"Ɗaga ta hagu! Doktor, kai ma a shafa maka shunin, aikin naku ne ku biyu!"

Ana cikin haka bunsurun mai gawayi ya leƙo ƙofa. Janaral da ya kasa tsayuwa don akuya, sai ga shi ya zabura don faɗa, ya bi shi har bakin titi, Maiwada na biye yana kirari. Suka bar awaki huɗu a tsakar gida da ƙofa a buɗe. Da suka dawo da nasara, Ɗan Bola na fitowa ta ramin da ruwa ke bi a gindin katanga, yana lasar baki. Har bayan ɗaki ya leƙa.

Kafin mako ya ƙare awaki goma sha biyu na yawo da shuɗin baya, dukansu kuma suka ɗauki ciki. Maiwada ya ƙara faɗi. Ya je har ma'aikata ya gayyato Madam Tahira, likitar dabbobi ta gaske, wadda ta zo wurin tana ɗaliba lokacin yana shara. Ya ce ta zo bayan haihuwa ta ga aiki, ta kuma taho da takarda mai hatimi da za ta tabbatar shi ne likitan awakin Zariya. Ta ce, "To, Baba Maiwada, in sun haihu ka kira ni." Ya dawo ya ce mana ma'aikata ta roƙe shi ya koma.

Wata biyar cif, bayan an gama girbi, akuyar Salima ta haihu. Tagwaye ne, kamar yadda ya faɗa. Kowanne da farin goshi da farar ƙafa.

Maiwada ya tsaya a kansu ya daɗe. "Ruwan haihuwa ne. Za ya goge."

Bai goge ba. Washegari ta gidan mai faci ta haifi uku, roɗi-roɗi. Rana ta uku ta Mansura, wata 'yar ƙungiyar, ta haifi guda, ja sumul. Maiwada ya ɗauke shi ya fito titi da gudu yana ihu a zo a ga jinin Janaral. Ya ɗaga shi sama don kowa ya gani, sai ga cikin ɗan akuyar fari fat tun daga ƙirji har wutsiya. Dada na zaune a ƙofarta tana tsinkar yakuwa.

"Maiwada, sauke mani jikana kar ka kada shi."

Ta Tsahara ce ta ƙarshe, wadda aka ɗaure a bayan ɗaki. Ta haifi biyu, ɗaya har kunnensa a langaɓe. Tsahara ta dubi Maiwada, shi kuma ya dubi rigarsa. A nan ne na ga tsoro a fuskarsa, na kuma ji tausayinsa, don mutumin ya san abin da ya rantse a kai.

Wani da ya sami kansa a nan sai ya je ya ba Dada haƙuri a ɓoye. Maiwada sai ya tafi kasuwa ya sayo lalle tiya guda. Ya bi gida-gida da roba, ya ce wa mata jan yana ciki, sanyin kaka ne ya hana shi fitowa, wannan magani ne na jawo launi. Ya kwaɓa ya lafta wa kowane ɗan akuya a goshi da ƙafa da ciki, ya naɗe da tsumma. Uwaye suka shinshina 'ya'yansu suka ji baƙon wari, rabinsu suka hana nono. Unguwa ta cika da kukan 'yan awaki, mata na danne uwaye suna zagin ilimi. Shi kuwa hannayensa suka yi ja har wuyan hannu kamar amarya.

Duk da haka bai fasa taro ba. Ya ari kujeru, ya sa aka share filin gaban fada, ya wanke riga ya sa mata bula. Aka kafa Janaral a tsakiya da jakarsa mai tuntu. Mata suka jeru da awaki da 'ya'ya ashirin da uku. Da hantsi Madam Tahira ta sauka daga moto.

Ta bi layin a hankali. Ta ɗaga ɗan akuya na farko ta duba goshinsa, wanda ya koma ruwan lemo. Ta shinshina.

"Baba Maiwada, biki za a yi masu?"

"Launi ne ke hitowa, Madam. Daki-daki."

"Wa ya hau awakin ga?"

"Janaral! Kowa ya ga tambari."

"Shi kaɗai?"

Mata goma sha biyu suka juya gaba ɗaya suka dubi bola. Ɗan Bola na can da kwalin sukari a baki, da farin goshinsa.

"Bayan an gama ne," in ji Maiwada da sauri. "Janaral ya riga shi. Kuma ya fi shi ƙarhi, ya fi shi ƙaho, ya kada duk bunsuran unguwar ga."

Madam Tahira ta ja kujera ta zauna. Ba ta yi dariya ba, abin da ya sa maganarta ta fi zafi.

"Baba, akuya in tana nema, kwana guda ko biyu take yi, kuma duk namijin da ya zo tana tsaya mashi. In biyu sun hau, hwaɗan bai ƙare a waje ba. Can ciki ake sake shi, tsakanin irin wannan da irin wancan, kuma can ba a shiga da ƙaho. Wanda ya zuba da yawa, ya kuma maimaita, mai rai, yawanci shi ke da ɗiya."

"Na hwaɗa mashi," in ji Tsahara, ba ta ɗaga kai ba.

"Haka abin yake ga dabbobi da yawa," Madam ta ci gaba. "Inda namiji guda ke tsare matanshi ba mai kusantarsu, jiki da makami yake tarawa. Goggon biri, wanda ake kira gorila, ya fi mutum biyu nauyi, amma marainanshi ba su kai na zakaran kirki ba, don ba ya da abokin takara a ciki. Inda mace ke haɗuwa da maza da yawa kuwa, tun kakannin kakanni masu manyan maraina su ne suka bar baya, har irin ya zama haka. Jiki ba ya iya sayen komai da komai. Abin da ya tahi wajen ƙaho da hwaɗa, an rage shi wani wuri. Ko a garken tumakin daji, babban rago in ya yi ta hawa yana ta karo, kafin lokaci ya ƙare sai ya zama hanko, ƙanana su kwashe sauran."

"To ai nan ma Janaral ya fi shi!" Maiwada ya nuna jakar. "Madam, dubi kaya!"

"Mi ne wannan ɗin?"

"Kariya ce. Ƙuda da bakin mutane."

"Tun yaushe?"

"Tun bazara."

Ta dafe kai. "Baba, Allah ya rataye su a waje ne don su sha iska. Zahi kashe iri yake. Ka sa su cikin baƙar leda wata biyu kafin aiki? Ai dahwa su ka yi. Maliki, kwance."

Maiwada ya yi tsalle zai tare, amma Maliki ya riga ya ja igiyar. Jaka ta faɗo. Auduga ta biyo ta, dunƙule bayan dunƙule, iska ta ɗiba tana yawo da ita a fili. Abin da ya rage a jikin Janaral, goron sadakar nan ne, sai dai sun ƙara yamushewa. Janaral ya yi wata ajiyar zuciya, ya buɗe ƙafafu ya ba iska wuri.

"Matashina!" in ji Tsahara. "Wata bakwai ina zargin ɓeraye!"

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Salima ta zauna a ƙasa, mai aski ya riƙe bango. Maliki ya ciro metir ɗinsa daga wuya ya ce don ilimi a auna na biyun, Madam ta ce ba sai an auna ba, makaho ma ya gani. Ta gaya wa mata za ta sa a kawo musu jan bunsuru na ma'aikata, kuma duk wadda aka hau a ɗaure ta kwana biyu. 'Ya'yan nan kuwa lafiyarsu ƙalau, a wanke musu lalle a bar su su sha nono. Takarda mai hatimi ba ta ko fito daga jakarta ba.

Sai Dada ta miƙe da sandarta. Ta je bola da kanta, ta kamo Ɗan Bola a kunnen da bai yage ba, ta jawo shi tsakiyar fili. Dariya ta tsaya.

"Maiwada, ga uban. Da hannunka ka ce."

"Dada, a bar maganar," in ji Tsahara. Duk haushin da take ji, ba ta so a kai nan ba.

"Ni ban roƙe shi ya rantse ba. Sau huɗu ya hwaɗa."

Maiwada ya dubi Madam, ta sunkuyar da kai. Ya dube mu, muka dubi butar shayi. Ya sa jajayen hannayensa ya fara ɓalle maɓallai ɗaya bayan ɗaya. Ashe a ƙarƙashin rigar wata tsohuwar singileti ce duk huji, ga ƙasusuwan kafaɗa a waje, don wata bakwai abin da ya kamata ya shiga cikinsa Janaral ke ci. Sai ya koma ɗan ƙaramin tsoho. Wallahi a lokacin da za a ce a mayar da dariyar da muka yi, da na mayar da tawa.

Ya durƙusa ya zura ƙafafun Ɗan Bola na gaba cikin hannayen rigar, ya ɓalle masa maɓalli ɗaya a wuya. Ɗan Bola ya tsaya cak, ya waiga, ya fara cin aljihun.

Kwana tara Maiwada bai fito fada ba. Janaral ya koma Tibiri, Ɗanlami ya karɓe shi. Rigar kuwa Dada ta wanke abin da ya saura ta rataye a kan sabon turken da ta kafa wa bunsurunta.

A rana ta goma da safe, yana zaune a tsakar gida da tsohuwar jallabiya, sai aka yi sallama. Muryar baƙuwa ce, daga wata unguwa.

"Salamu alaikum. Don Allah nan ne gidan Doktor?"

Maiwada ya zabura har ya kifar da kwanon koko. Ya gyara wuyan jallabiya, ya yi gyaran murya irin ta da, ya fita da sauri. Mace ce tsaye riƙe da igiya, da akuya a bayanta tana kaɗa wutsiya.

"Ni ne. Mi ke damunta?"

Matar ta dube shi sama da ƙasa. "Shekara biyu ba ta ɗauka ba. An ce in kawo ta wajen Doktor na Zariya, wai ba ya kuskure."

Kafin ya buɗe baki Tsahara ta leƙo ta bayansa, da sabon matashi a hannu tana ɗinkewa.

"Baiwar Allah, ƙofa ta gaba. Ki ce da tsohuwar ta kwance maki shi daga turke."